Zuwa ga Abba, Kan Maki Biyun Ƙarshe

Xiaobei, Guangzhou

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah Ya sauke ku Legas lami lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya raba ka da sharrin hanya da na mutanen hanya.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. To, ka san halin hirarmu. "Ka dawo?" "Na dawo, Baba." "Ka yi salla?" "Na yi." Shi ke nan an tashi taro. Da zan zaunar da kai in yi maka wannan maganar baki da baki, kai za ka sunkuyar da kai kana zane a kafet da ɗan yatsa, ni kuma in ɓige da tambayarka ko ka auna jakarka. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ka karanta a jirgi, tafiyar da tsawo, ba kuma inda za ka gudu.

Ga abin da ke gabanka. Za a tara 'yan ƙwallon tebur daga ko'ina a Najeriya, a gwada su, a ɗebi 'yan kaɗan su shiga tawagar ƙasa. Tun da na kawo ku garin nan kai da Ummanka kake zuwa zauren Madam Lin, kocinku, ba fashi. Hannu kana da shi, wannan ko maƙiyi ya sani. A atisaye kana cinye yaran Cainan nan da kamar da bat aka haife su. Amma ranar gasa, da an kai tara da tara, sai hannun ya zama na wani. Kafaɗa ta ɗage, sabis ya tashi sama, ka riƙa tura ƙwallo kamar mai miƙa wa suruki shayi. Ka kuma gaya wa Ummanka cewa in ba a ɗauke ka a wannan gwajin ba za ka ajiye bat, ka zo ka zauna mini a ofishin kago, wurin aika kaya. Ta ce kada in nuna na sani. To, ga shi na nuna.

Ba zan koya maka riƙon bat ba, ka wuce ni tuni. Abin da na sani shi ne maki biyun ƙarshe, domin na zubar da su ta kowace hanya da ɗan Adam ke iya zubar da su. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni kuwa a zamanina da miya ta ƙare sai in wanke hannu.

Ka san a Fagge na tashi, a nan kuma na koyi wasa, a wani teburin katako da ke gindin darbejiya, ragarsa ma wani lokacin bulo ne aka jera. A lokacinmu ashirin da ɗaya ake kaiwa, ba sha ɗaya ba irin na yanzu. Karon farko da na shiga zaɓen 'yan wasan jiha, aka haɗa ni da wani siririn yaro ɗan Sabon Gari. Na yi masa fintinkau, na kai sha tara yana can baya yana haki. A nan ne idona ya faɗa kan rigunan da aka jera a teburin alƙalai, waɗanda za a raba wa zaɓaɓɓu, koraye, an rubuta Kano a baya. Wallahi Abba, ina tsaye da bat a hannu amma na riga na sa rigar. Na bi layinmu da ita da yammacin Juma'a. Na wuce ta ƙofar wani gida a hankali, gidan da ba zan faɗa maka ba, ba kuma na su Ummanka ba ne, don haka ka riƙe bakinka. Kafin in dawo daga yawon nan yaron ya kamo ni. Da na ga ya kamo ni sai na tafi wani yawon, wannan karon na abin da za a ce a unguwa. Ya cinye ni ina tsaye.

Zuciya ba ta son zama inda jiki yake. Ko ta yi gaba wajen abin da ba a samu ba, ko ta koma baya wajen ƙwallon da aka zubar. Kada ka yi faɗa da ita, faɗan ma wani yawon ne. Abin nan da Madam Lin ta koya maka tsakanin maki da maki, ka taka zuwa gindin raga ka shafa tafin hannu a tebur, ka fitar da numfashi har ya ƙare, ka kalli tambarin da ke jikin ƙwallon kafin ka jefa ta sama, da farko na ɗauka iyayi ne. Daga baya na gane igiya ce ta jawo zuciya gida. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinka. Ka tayar da salla, kana raka'a ta biyu sai ka tsinci kanka a kasuwar Shahe kana taya wando. Me kake yi? Ai ba ka sallamewa ka zauna zagin kanka. Komawa kake yi kan ayar da kake kai ka ci gaba. To haka ne a tebur. Ka samo kalma ɗaya gajera da za ka riƙa faɗa wa kanka, ta Hausa, ba aron ta Madam Lin ba. Da ni ne, "wannan" zan ce, wato wannan ƙwallon, ba ta ɗazu ba, ba ta anjima ba.

Bayan wancan kayen, maimakon in gyara zuciya sai na tafi neman taimako. Wani abokina ya kai ni wurin wani mutum a bayan gari, aka ba ni 'yar laya na ɗinke a cikin jakar bat. Na kuwa ci wasanni a jere. Yanzu na san dalili, na daina saƙe-saƙe ne, na bar wa layar ta yi mini. Sai ranar da muka je Kaduna, na buɗe kaya na tarar ƙanena ya musanya mini jaka. Bat nawa ne, hannu nawa ne, amma tun kafin a kira sunana na sha kashi. Allah Ya yafe mana wannan jahilcin.

Ina faɗa maka ne saboda shuɗin tawul ɗin nan naka da kake hana a wanke in gasa ta matso. Ka ce ba camfi ba ne, sabo ne. Haka ni ma na ce. Bari in ba ka labari, Ummanka ta sha wanke shi a ɓoye, ka kuma ci wasa da shi a wanke. Duk abin da za ka jingina da shi ranar gasa, ya zama wanda ba a mantawa a tasi, ba a kuma riƙewa a kwastan. Bismillarka, numfashinka, shafa tebur, kalmarka. Tawul kuwa in ya ɓace ka ari na wani ka goge fuska.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Yaya Ɗanlami. Maƙwabcinmu ne, tela, ya girme ni nesa, shi ya fara ɗora hannuna a kan bat. In ya rufe shago sai ya zo gindin darbejiya ya tsaya a bayana, ya kama wuyan hannuna yana juya shi. Shekaru suka ja, na yi ƙarfi, shi kuma gwiwa ta fara ba shi matsala. Sai ga zaɓe ya sake zagayowa, gurbi ɗaya ya rage, aka haɗa ni da shi. Kowa a zauren ya san zaɓensa na ƙarshe ke nan.

Muka yi ta fafatawa har gem na ƙarshe, ina gaba, saura maki ɗaya in gama. Ya yi sabis, na mayar, ya ɗago mini ƙwallo sama, irin wadda ko makaho zai kashe. Na ɗaga hannu. Sai na ga fuskarsa, gumi na zuba, ga 'yar furfura a gemu. Ban yanke shawarar bar masa ba, kada ka ɗauka wani karamci na yi. Hannun ne kawai ya ji kunya. Na tura ƙwallon a hankali kamar mai neman gafara, shi kuwa ya zabga mini ita. Daga nan ban sake cin maki ba.

Da aka tashi na je na durƙusa zan gaishe shi, ina jiran ya sa mini albarka. Ya kama kunnena ya ja ni waje.

"Kai Garba, ni ka raina?"

"Yaya, wallahi ni..."

"Rufe mini baki. Sadaka na roƙe ka? Duk wahalar da na sha a kan hannun nan naka, ai don ranar da za ka kashe ni da shi na sha ta. Yanzu ka sa zan je in wakilci jiha da gwiwa ɗaya a yi mini dariya, kai kuma ka zauna a gida da ƙafa biyu."

Haka kuwa aka yi. Ya je aka fitar da shi a zagayen farko. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Mu an raine mu a kan ba a haɗa ido da babba, ba a ɗaga masa murya, ba a kunyata shi cikin mutane. Tarbiyya ce mai kyau, ban kuma yi nadamar ba ka ita ba. Amma na ga tana bin ka har tebur. Na gan ka a lambun nan na Liuhua, inda tsofaffi ke wasa da safe, kana sassauta wa wani dattijo mai farar singileti, har ya ajiye bat ya riƙa yi maka faɗa da yarensu yana nuna ka da yatsa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na san shi, an taɓa gaya mini da Hausa. A Legas za ka tarar da waɗanda suka girme ka, wasu sun yi suna tun kana rarrafe. Ka gaishe su da ladabi kafin wasa, ka ɗauki jakarsu bayan wasa in sun ba ka. Tsoro na daji, kunya na gida, in ji mutane, tebur kuwa ba daji ba ne, ba gida ba ne. In babba ya ɗago maka ƙwallo ka kashe ta, girmamawar da yake so ke nan. In ka isa Kano ka nemi Yaya Ɗanlami ka gaishe shi, yana nan da ransa, ya kuma sha tambayata kai.

A ranar da ya ja kunnena na bar wasa. Ba washegari ba, a ranar, kunnen bai ma daina zafi ba. Na kyautar da bat, na je na ce wa kakanka na shirya zama a kasuwar Kwari. Ya yi murna ya ba ni kujera. Kasuwa ta rufa mini asiri, alhamdu lillahi, ita ta kawo mu har nan. Amma ba zaɓar ta na yi ba, gudowa na yi, kuma har yau abin yana ci na. Don haka maganar da ka yi wa Ummanka, ban hana ka ba, amma ban yarda a yanke ta a zauren gasa ba. In ba a ɗauke ka ba, ka wuce Kano wurin kakarka Hajiya, ka ci tuwo, ka yi barci, ka bar zafin ya fita tukuna. Ofishin kago ba gudu zai yi ba, kwalayen ma kullum ƙaruwa suke yi.

Akwai kuma wata cuta da muke sa wa rigar addini. Mutum yana baya da 'yan maki sai zuciyarsa ta ce, "ba rabo." Daga nan ya saki jiki, ya ƙarasa wasan kamar mai jiran mota. Na yi wannan ba adadi, ina ganin tawakkali nake yi. Ba tawakkali ba ne, tsoro ne kada a ce na dage kuma na faɗi. Wa ya nuna mini rabon tun alƙali bai tashi ba?

Lokacin wasannin Olamfik ɗin nan na Beijing, da kasuwa ta yi sanyi muke taruwa kallo a gidan abincin da ke ƙasan benenmu, akwai ranar da kana wurin atisaye aka nuna wani ɗan wasa, ban riƙe ƙasarsa ba, an yi masa nisa a gem na ƙarshe. Alhaji Mumuni, abokina ɗan Kumasi da muke haɗa kwantena, ya tura kujera baya ya ce, "Wannan ya mutu, a canza mana tasha." Mai gidan abincin ya ce meyo, wato babu da yarensu, ba za a canza ba. Ni kuwa mutumin nake kallo. Ya ɗauki tawul ya goge fuska a natse, ya gyara igiyar takalmi, ya dawo yana taku kamar shi ke gaba. Ya ci ɗaya, ya ci wani. Bai ci wasan ba a ƙarshe, kada in yi maka ƙarya, amma sai da abokin karawarsa ya fara zubar da maki, da ƙyar ya sha. Wanda ke gaba shi ma yana da zuciya, ita ma yawo take so. Ka bar ta ta yi masa aikinta, kai ka mayar da ƙwallo a tebur. In alƙali ya tashi, sannan ka ce ba rabo. A lokacin gaskiya ka faɗa, za ta kuma sanyaya maka rai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa Madam Lin take fara muku gem daga tara da tara, ta sa sauran su kewaye teburin suna ihu suna buga murfin tukunya. Ranar da na fara gani na ce matar nan ta soma taɓuwa. Ashe tsoron take kawo muku gida ku saba da shi. Zauren Legas ba irin na nan ba ne. Za a yi zafi, wuta na iya ɗaukewa kana tsakiyar sabis, alƙali na iya ba wani makinka yana kallon idonka. 'Yan kallo za su kira ka ɗan Caina, wasu su kira ka aboki, ba kuma da nufin abota ba. Kafin ranar, in ka idar da sallar asuba, ka zauna ka ga duk wannan da idon zuci. Kada ka tsaya ganin kanka kana ɗaga hannu kawai. Ka ga an zalunce ka maki, ka ji ranka ya ɓaci, sannan ka ga kanka ka taka zuwa raga ka shafa tebur. In tafin hannu ya yi gumi ranar, kada ka ce wani abu ya lalace. Jiki ne ke ɗaura ɗamara. Kowa a zauren haka yake ji, wasu sun fi iya ɓoyewa ne.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma ba na Fagge ba ne, na nan ne, na bana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bayan gasar da aka yi a zaurenku da damina, wadda ka zubar da wasan kusa da na ƙarshe kana gaba, Madam Lin ta tura ka waje ta yafito ni. Kai ne tafintanmu, don haka da ta kore ka na san da magana. Da guntun Turancinta da guntun yarensu da na tsinta a kasuwa muka yi ta.

"Lawban," ta ce, haka take kira na, wai maigida, "ɗanka da mutum biyu yake wasa. Ɗaya a bayan raga, ɗaya a kan benci."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Duk maki, ya ci ko ya faɗi, sai ya waiwaya ya dube ka. Ni ma na dube ka. Dariya meyo, fushi meyo, komai meyo. Yaro yana neman amsa a jikin bango. Kafin ya dawo da kansa an yi masa sabis."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na ce a wurinmu uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, balle ɗan fari. Na ce sunan mahaifina aka sa maka, ko sunan ban taɓa kira ba, Abba muke cewa. Na ce ni ma nawa uban bai taɓa cewa na yi daidai ba, in ya yi shiru to yabon ke nan, na kuma gane. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Shi ya gane?" Ta koma bakin aikinta ta bar ni tsaye.

Na kwana biyu ina jin haushin matar nan. Daga baya na lura, na ga gaskiyarta. Ina zaune ina karanta duk addu'ar da na sani, amma na ɗaure fuska don kada a ce Alhaji Garba ya zauce a kan ɗansa. Kai kuma in ka waiwayo sai ka ga mutumin da ya baro ofis ya zo kallon ɓata lokaci. Shekara da shekaru ina ganin ƙarfi nake ba ka da zuwana, ashe kaya nake ɗora maka, daidai lokacin da hannu ke bukatar sakewa.

Na gwada gyarawa, kai ma shaida ne. Gasar da ta biyo baya na tafi da Alhaji Mumuni don ya ƙarfafa mini gwiwa. Na ga iyayen yaran Caina suna tsalle suna ihu, na ce yau ni ma sai na yi. Na zabga tafi guda mai ƙarfi, ashe shirin sabis kake yi. Ka firgita, ƙwallon ta faɗi ƙasa, ka dube ni kamar wani ciwo ya kama ni. Mumuni ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce, "Alhaji, wannan tafi ne ko kaji kake kora? Don Allah koma yadda kake, fuskar kwastan ɗin ta fi maka kyau." Har yau in zai shigo ofis sai ya tafa kafin ya yi sallama.

To ga abin da na yanke. Ka ji ina cewa zan biyo ka Legas, tunda ina da kaya a tashar ruwa da zan duba. Na fasa. Kayan wani zai duba. Ina son zuwa, Allah Ya sani, na manta rabon da in so wani abu haka. Amma fuskar nan ta tsufa, ba za ta koyi sabon abu kafin gwajinka ba, ni kuma ba zan je in zauna maka a benci in zama mutum na biyu ba.

Na san duk da haka za ka waiwaya. In an kai tara da tara wuyanka zai juya da kansa, ka ga fuskokin da ba ka sani ba. Don haka bari in gaya maka abin da ke bayan tawa tun da can, ka tafi da shi, kada ka sake nemansa a benci. Ina alfahari da kai. Tun kana bin ƙwallo ƙarƙashin tebur nake alfahari da kai, ranar da ka ci da ranar da aka cinye ka, ban taɓa jin wannan ya motsa ba. In sun ɗauke ka, ɗana suka ɗauka. In sun bar ka, ɗana ne zai dawo, ba abin da ya ragu a jikinsa. Wannan ba ya cikin abin da za ka buga a kai a Legas. Na rubuta ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, na ɗauki biro zan soke, na ajiye. In mun haɗu kada ka tayar mini da maganar, ba zan iya ba.

Ka gaida Hajiya da baffanninka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya natsar da zuciyarka, Ya sake maka hannu, Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya kuma sa ka yarda da zaɓinSa. Allah Ya yi maka albarka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini shirun nan.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba